Ƙarfin birkin jirgin ƙasa: babbar kafasita ko batirin litiyam?

Ƙanina da ke karatu a Jami'ar Sufuri ta Daura, ka tambaya: tunda batirin litiyam ya fi ajiye wutar lantarki mai yawa, me ya sa masu ƙera jiragen ƙasa na cikin gari suke ɗora musu babbar kafasita, wato na'urar tara cajin lantarki da ake kira sufakafasita, don tara ƙarfin birki? Amsar tana cikin 'yan daƙiƙun da direba yake riƙe da birki.

Jirgin lantarki idan zai tsaya, injinan da ke juya ƙafafunsa su ne ke komawa janareta. Gudun jirgin ya juya su, su haifar da wuta, jirgin ya lafa. In akwai wani jirgi da ke tashi a kan layin, sai ya sha wutar. In babu, a ƙone ta a wasu wayoyi irin na hitar dafa ruwa, ta bi iska. Ka ɗauki jirgi mai tan 50 yana gudun kilomita 60 a awa. Ƙarfin da ke jikinsa bai cika yunit 2 na mitar gida ba. Ba shi da yawa, amma in ya tsaya cikin daƙiƙa 20, wutar da za ta kwararo ta haura kilowat 300.

Ka san ruwan Agusta idan ya ɓarke ta indararo. Wanda ya tara ƙwarya, nan take ta cika. Wanda ya tara tulu, tulun ya fi ƙwarya ciki nesa ba kusa ba, amma bakinsa ƙarami ne, rabin ruwan a ƙasa zai ƙare. Kafasita ce ƙwaryar, batir ne tulun.

Dalili kuwa, batir da sinadari yake ajiye wuta, sai an ba shi lokaci, in an matsa masa ya ɗau zafi. Babbar kafasita ba ta sauya sinadari: cajin manne wa fuskar wani gawayi yake yi, mai ƙananan ƙofofi birjik, shi ya sa take cika cikin daƙiƙu, ta kuma juye duka lokacin da jirgi zai tashi. Ita da ƙaramar kafasitar da mai gyara ke canza wa fanka dangi ne, sai dai cikin wannan ya ninka nata sau dubbai.

Inda na fi ba ta gaskiya shi ne juriya. Batirin litiyam na yau da kullum yana jure cikawa da juyewa sau 'yan dubbai. Kafasita tana kaiwa dubu 500 har miliyan 1. Jirgin da ke tsayawa sau 300 a rana ya haura tsayawa dubu 100 a shekara. Gaskiya ne kowace tsayawa ɗan kaɗan take taɓa batir, ba cikinsa duka ba, amma sai an sayi babba ƙwarai kafin ya jure wannan duka.

Ita ma tana da nata rauni. Yunit 1 na wuta yana buƙatar kafasita mai kusan kilo 200, alhali batirin litiyam na kilo 10 ya ishe shi. Kuma ba ta riƙe ajiya: in aka bar ta, cajin zurarewa yake yi. Zafi ba ya raga wa kowannensu, kuma irin zafin Afrilu na Katsina da ke haura digiri 40, dole a yi musu tanadin sanyaya. Sai dai batirin ya fi hatsarin gobara.

An riga an gwada. A Mannheim ta Jamus, kamfanin Bombardier ya ɗora kafasita a kan jirgin cikin gari a 2003, ya ce an rage wutar jan jirgin da kusan kashi 30 cikin 100. A Guangzhou, inda 'yan kasuwarmu ke zuwa sari, layin Haizhu da aka buɗe a ƙarshen 2014 ba shi da waya a sama tsakanin tashoshi: jirgin yana cika kafasitarsa cikin kamar daƙiƙa 30, fasinja na sauka wasu na hawa. Japan kuwa, da ta so jirgi ya ci kilomita 20 a layin Karasuyama babu waya, batirin litiyam ta sa masa a 2014, kuma daidai ta yi.

Ni a ganina, in tsayawa ta yi yawa kuma tashoshi na kusa da juna, kafasita ce. In nisa ake so a ci, batir ne. Wasu jiragen ma duka biyun ake haɗa musu.

Layinmu na Kano zuwa Maraɗi, da ya biyo ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, tashoshinsa suna da tazara, jirgi zai daɗe yana gudu kafin ya taka birki, don haka abin da kafasita za ta tara masa kaɗan ne. In aikin bincike kake nema, ka duba layin lantarki na Legas da ya fara jigila a Satumban 2023: kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, tashoshi 5, yana tsayawa yana tashi tun safe har dare.