Kafin ka zaɓi kayan gina manhaja mai taga, duba irin ciwon da kowanne ke zuwa da shi

Wanda zai gina manhajar kwamfuta mai taga da maɓallai da wurin rubutu ba ya rasa kayan aiki. Akwai Tkinter, akwai Qt, akwai GTK da wxWidgets, ga Electron da Tauri, ga kuma WPF da WinForms na Microsoft. Yawancin masu farawa da ido suke zaɓe: wanne ya fi kyau a hoto, wanne aka fi ambato. Ni kuwa ranar da abu zai lalace nake hange. Kowannensu da irin ciwonsa, kuma da wannan ciwon za ka zauna wata da watanni bayan ɗokin tagarka ta farko ya wuce.

Akwai ciwo ɗaya da babu wanda ya tsira daga gare shi, don haka kada ka ɗauki wani saboda an ce maka shi ba ya yi. Daskarewar taga ke nan. Ka sa maɓallin da zai karanta ƙaton fayil ko ya ɗebo bayanai daga intanet, ka danna. Maɓallin ya lotsa ya ƙi tasowa, sandar da ke nuna ci gaban aiki ta tsaya cik a sifili, ka ja tagar da linzami ta ƙi gusawa. A Windows, idan taga ta kai kusan daƙiƙa 5 ba ta karɓi saƙo ba, sai ta yi fari-fari, a rubuta a samanta cewa ba ta amsawa. Dalilin ɗaya ne a ko'ina. Manhaja mai taga tana da babban zare guda, wato layin aiki ɗaya da ke bin umarni ɗaya bayan ɗaya, wanda aikinsa zagaye: ya duba ko an danna wani abu, ko an buga harafi, ko wani sashe yana son a sake zana shi, ya biya buƙatar, ya dawo ya sake dubawa. Allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, milisakan 16 da 'yan kai kawai yake ba shi tsakanin hoto da hoto. In ka ɗora masa aikin daƙiƙa goma, babu mai kula da tagar sai ya sauke.

Maganin sananne ne: a kai aiki mai nauyi wani zaren dabam. Sai dai nan tarko na biyu yake, domin zaren da ka ba aikin ba shi da izinin taɓa taga. In ya gama, saƙo zai aika wa babban zare, shi kuma ya sauya rubutu ko ya matsar da sandar. Kowane gida da ƙofar da ya tanada don wannan saƙon: Tkinter yana da after, GTK yana da g_idle_add, wxWidgets yana da CallAfter, WPF yana da Dispatcher, Qt kuma yana da tsarinsa na sigina da masu karɓarta. Abin da ya bambanta su, wanda ni a wurina ya fi kyan maɓalli muhimmanci, shi ne yadda suke yi in ka karya dokar. WPF nan take yake tsayar da kai, ya gaya maka wani zare ne ya mallaki abin da ka taɓa. A Qt da GTK kuwa manhajar na iya yin kwanaki tana aiki lami lafiya, sannan rana ɗaya ta faɗi ba tare da ta ce komai ba, kuma sau da yawa a kwamfutar wani za ta faɗi, ba a taka ba. Kuskuren da ke ɗaga murya ya fi sauƙin kamawa. Wanda bai saba da aikin zaruruwa ba ya sa wannan a lissafi.

Tkinter shi ne mafi kusa da hannu ga mai Python, tunda tare suke zuwa, ko da yake a wasu rassan Linux sai ka girka shi dabam. A ƙarƙashinsa Tk ne, wanda John Ousterhout ya fitar a 1991. Layi goma sun isa ka ga taga. Matsalolinsa ƙanana ne kuma an san su. Za ka sa hoto a taga ka ga fili fayau, alhali babu wani saƙon kuskure: ka ƙirƙiri hoton ne a cikin wani aiki ba ka ajiye shi a wani suna mai ɗorewa ba, Python ya ɗauka shara ne ya kwashe. Ko ka haɗa pack da grid, hanyoyinsa biyu na jera kaya a taga, a cikin akwati ɗaya su ƙi jituwa. Gyaran waɗannan minti biyar ne. Inda yake gazawa shi ne in manhaja ta girma: jadawali mai layi dubbai, ko rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu irin na Larabci, wanda Tk ya daɗe yana fama da shi, musamman a Linux. Don ƙaramin abin aiki mai taga ɗaya ko biyu ba na neman wani. Abin da za a sayar ko a riƙe shekaru, ba zan fara da shi ba.

Qt shi ne wanda nake yawan nuna wa mutane, don haka zan daɗe a kansa. Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng ne suka fara shi a Norwe, ya fito a 1995, kuma Qt 6 ya zo a Disamba 2020. VLC da OBS Studio da teburin KDE duk da shi aka gina fuskarsu. Yana da kusan duk abin da za ka nema: jadawali, bishiyar fayiloli, buga takarda, fassara manhaja zuwa wasu harsuna, da rubutun dama zuwa hagu ba tare da wahala ba. Tsarin jera kayansa ma yana hana ciwon nan na maɓallan da ke hawa kan juna in an ja taga ta faɗaɗa, muddin ka yi amfani da shi ba ka kafe kowane abu a lambar fiksel ba.

Wahalarsa biyu ce, kuma dukansu ba a ranar farko suke bayyana ba. Ta farko lasisi. Mai Python yana da ƙofa biyu zuwa Qt, PyQt da PySide, kuma rubutunsu ya yi kama ƙwarai har mutum ya ɗauka abu ɗaya ne. PyQt na kamfanin Riverbank Computing yana ƙarƙashin GPL, ma'ana in za ka raba manhajarka sai ka buɗe rubutunta da irin wannan lasisin, ko ka sayi lasisin kasuwanci. PySide, wanda masu Qt da kansu suke kula da shi, yana ƙarƙashin LGPL, wanda ya yarda ka rufe naka rubutun muddin mai amfani zai iya musanya fayilolin Qt ɗin da ke cikin manhajar da wasu. Wasu sassa kuma, irin Qt Charts, GPL ne ko na saye, ko da ta PySide ka shiga. Wanda ke da niyyar sayar da manhaja ya karanta wannan kafin ya rubuta layin farko, domin sauya gida bayan shekara ɗaya aiki ne ja.

Ta biyu ita ce kai manhajar kwamfutar wani. A taka komai na tafiya, a tasa taga ta ƙi buɗewa, sai saƙon cewa an kasa loda abin haɗin xcb a Linux, ko takwaransa a Windows. Qt ba ya zana taga sai ta wani ƙaramin fayil na tsarin da yake kai, kuma fayil ɗin ko wani abin da ya dogara da shi bai biyo ka ba. A Windows akwai windeployqt da ke tattaro su. A Linux, in ka sa QT_DEBUG_PLUGINS ya zama 1 kafin ka tayar da manhajar, za ta faɗi ainihin abin da ta nema ta rasa. Daga Qt 6.5 zuwa sama, sau da yawa xcb-cursor ne. Abin da nake so da Qt ke nan: ciwonsa yana da suna, kuma yana da fitilar da ake haska shi da ita.

GTK da wxWidgets ba zan ja su da nisa ba. GTK ɗan gidan Linux ne, don GIMP, manhajar gyaran hoto, aka fara shi, shi ne kuma ƙashin bayan teburin GNOME. In masu amfani da manhajarka can suke, ya dace. Kai shi Windows ko macOS yana yiwuwa, amma da gumi, kuma tagar za ta yi kama da baƙuwa. wxWidgets, wanda Julian Smart ya fara a 1992, maɓallan tsarin da ya tarar yake arowa, shi ya sa FileZilla da KiCad suke kama da 'yan gida a kowace kwamfuta. Ladan wannan aron shi ne abu ɗaya ya yi hali uku a tsari uku, kuma sai kana da ukun a gabanka za ka gane.

Electron dabam yake da duk waɗannan. GitHub ne ya fitar da shi a 2013 da sunan Atom Shell, aka sauya masa suna a 2015. Burauzar Chromium ce sukutum da Node.js, mai tafiyar da JavaScript a wajen burauza, aka ɗaure su wuri ɗaya, don haka wanda ya iya gina shafin intanet ya riga ya iya gina tagarsa. Visual Studio Code da Discord a kansa suke. Wajen gano kuskuren fuska babu kamarsa, domin kayan binciken burauza suna ciki: ka nuna maɓalli ka ga dalilin da ya sa ya karkace. Abin da za ka biya shi ne nauyi. Taga ɗaya da ba ta yin komai tana wuce megabayit 100 bayan an girka, tana kuma cin ram sosai. Sannan tunda burauza ka raba wa mutane, toshe ramukan tsaronta ya hau kanka: kowane mako 8 ake fitar da babban sabon zubi, kuma uku na ƙarshe kaɗai ake kulawa da su. Tauri, wanda zubinsa na 1.0 ya fito a 2022, ya kauce wa nauyin ta hanyar amfani da injin burauzar da ke cikin tsarin, wato WebView2 a Windows da WebKit a macOS da Linux. Fayil ya ragu sosai, amma tsohon ciwon masu gina shafuka ya dawo, fuska ta yi daidai a nan ta goce a can, kuma aikin bayan fage da harshen Rust ake rubuta shi.

In kuwa ka tabbata Windows kaɗai za ka yi wa aiki, kada ka wahalar da kanka da neman mai tafiya ko'ina. WinForms yana nan tun 2002, WPF tun 2006, kuma async da await, kalmomin harshen C# na jiran aiki ba tare da tsayar da babban zare ba, sun sa kauce wa daskarewar taga ya zama da sauƙi ƙwarai. Tsakanin biyun WPF zan ɗauka, saboda allon zamani. An gina tsofaffin tagogi ne bisa ɗigo 96 a kowane inci. Allon da aka ƙara girmansa zuwa kashi 150 cikin ɗari yana da 144. Manhajar da ba ta san da wannan ba, ko Windows ya miƙe ta ta yi dishi-dishi, ko rubutu ya girma ya bar maɓalli a baya har a yanke masa wutsiya. WPF da Qt 6 da Electron suna daidaita kansu. WinForms da Tkinter sai ka sa hannu.

Kafin ka yanke shawara, ware yini ɗaya ga guda biyun da suka fi kwanta maka. Gina taga ɗaya da kowanne: maɓallin da ke yin aikin daƙiƙa goma tare da sandar ci gaba da maɓallin sokewa, jadawali mai layi dubu goma, da wurin rubutu da za ka zuba masa haruffan wasu harsuna. Sai ka ƙulle ta ta zama fayil ɗin girkawa, ka kai ta kwamfutar da ba a taɓa sa mata kayan rubuta manhaja ba, ka ƙara girman allo zuwa 150. A nan za ka ga ko manhajar kashe ƙwayar cuta za ta zargi fayil ɗin, kamar yadda takan yi wa waɗanda aka ƙulle da PyInstaller, kayan ƙulle manhajar Python, ko SmartScreen, mai gadin Windows, zai tsorata mai girkawa saboda babu sa hannun mai ita. In macOS na cikin lissafinka, gwada har da aika ta wurin Apple a tantance, domin idan babu wannan tantancewar, Gatekeeper, mai gadin macOS, zai tare ta a bakin ƙofa, ko da wane kayan aiki ka gina ta.