Fas na kwana goma ko tikitin dare ɗaya, wanne ya fi a bikin finafinan noir?

Wani ƙanina da ke karatu a Kalifoniya ya kira ni wai zai je bikin finafinai na Noir City, ya sayi fas na duka bikin ne ko ya dinga sayen tikiti dare dare. To ga abin da na ce masa, ƙila wani ma ya amfana.

Ga wanda bai sani ba, noir dai finafinan Amurka ne na wajajen 1940 zuwa ƙarshen shekarun 1950, marasa kala, ɗan bincike da sigari a baki, mace kyakkyawa mai makirci, a ƙarshe kowa ya faɗa ramin da ya haƙa. Faransawa ne suka raɗa musu sunan a 1946, ma'ana launin baƙi. Noir City kuma wani marubuci Eddie Muller ne ke shirya shi tun 2003, da can a silimar Castro ta San Faransisko ake yi, yanzu ya koma Grand Lake a Oakland, a watan Janairu, kuma galibi fim biyu ne a tikiti ɗaya.

Maganar fas lissafi ne kawai, ka raba kuɗinsa da kuɗin tikiti ɗaya ka ga dare nawa sai ka je kafin ka ci riba. Amma fa ka faɗa wa kanka gaskiya, ni na taɓa sayen irin wannan fas ɗin da ɗoki, dare na huɗu bayan na taso daga aiki wallahi fim na biyu ko rabinsa ban gani ba, sai tafin mutane ne ya tashe ni, wuyana ya ƙage a kan kujera. In ba hutu ka ɗauka ba, tikitin dare uku ko huɗu ya ishe ka.

Inda aikin yake shi ne zaɓen daren. Kowa zai ruga wa The Maltese Falcon na 1941 ko Double Indemnity na 1944, su kuwa a ko'ina kana samun su. Ni dai kuɗina yana kan waɗanda aka ceto daga ɓata, domin ribar bikin tana tafiya gidauniyar Film Noir Foundation ne, su da ma'ajiyar finafinai ta jami'ar UCLA suke gyara tsofaffi. Misali Woman on the Run na 1950, a titunan San Faransisko aka ɗauke shi, kwafinsa ya ƙone a gobarar sitidiyon Universal ta 2008, sai a Ingila aka samo wani aka farfaɗo da shi. Ka kalli irin wannan cikin mutanen da suka san lungunan, kana jin suna gunaguni in an nuno unguwarsu, ai tikitin ya biya kansa.

Sannan ka duba jadawali, gefen kowane fim suna sa 35mm ne ko dijital. Na dijital tas yake ba ƙarce ba rawa, amma na naɗi da ake sawa a majigi baƙinsa wani iri ne, kuma za ka ga ɗan ɗigon nan a kusurwar dama ta sama kafin a canja faifai, wanda ya shiga silima a Kano da can zai tuna. In kuma abin ya kai ka ga zautuwa akwai Nitrate Picture Show a Rochester ta jihar New York, inda suke haska asalin fim na naitiret mai saurin kama wuta, wanda aka daina yi tun farkon shekarun 1950.

Abu ɗaya da zai iya ɓata maka rai shi ne Turancin, sauri suke kamar ana korar su ga karin maganar 'yan daban wancan zamani, kuma a silima ba sabtaitil. Shi ƙanin nawa na ce ya nemi Blu-ray na fim ɗaya ko biyu, kamfanin Flicker Alley na fitar da waɗanda gidauniyar ta gyara, ya kalla a ɗaki da rubutu a ƙasa kunnensa ya saba tukuna. Ya ce zai sayi na daren Asabar biyu.