Kujera, Wuta ko Data: Me Za Ka Fara Saya Idan a Gida Kake Aiki a Kano?

Shekara biyu na yi ina riƙe wa wasu 'yan kasuwa lissafi daga ɗakina a Gwammaja, ni a kan katifa, kwamfuta a kan cinya. Wata Asuba na zo yin ruku'u, ƙugu ya riƙe, da kyar na ƙarasa sallar. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni abin da zai fara saya, kujera nake ce masa, kafin a zo maganar sola ko data.

Kujerar roba irin ta Ƙofar Wambai ita ce mafi araha, amma ta zaman biki ce. Ba ta tokare gadon baya, kuma da zafi ya kama sai riga ta manne a jiki. Sabuwar kujerar ofis mai juyawa tana da ɗaukar ido a shago, sai dai yawancin masu arahar an lulluɓe su da fatar roba da ke ɓarewa a zafin Kano, abin ɗagawar ma ya saki, kana zaune kana nutsewa. Ni dai na fi yarda da ta hannu mai ƙwari wadda bayanta raga ne, domin iska na ratsawa. Kada kunya ta hana ka zama a kanta minti goma a gaban mai shago. Tafin ƙafarka ya taka ƙasa sosai, gwiwa ta yi daidai da ƙugu, yatsu biyu ko uku su shiga tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa. In ɗaya ya rasa, bar ta, ko da an yi maka ragi.

Tebur kuwa, kafinta ya fi. Na kanti yawanci tsayinsa santimita 72 zuwa 75 ne, wanda ya yi wa gajere tsawo, sai ka ga mutum na ɗage kafaɗa yini guda. Dattijon da ya yi mini nawa, da na miƙa masa awon ɗaki sai ya ajiye takardar ya ce, "Malam, zauna tukuna, kai zan auna." Ya sa tef daga ƙasa zuwa gwiwar hannuna, a nan ya yanke ƙafafun teburin. Daga nan ka ɗora kwamfutar a kan littattafai har saman allonta ya zo daidai ido, ka nemi kibod da linzami na daban a Beirut Road ko Farm Centre. Kuɗinsu kaɗan ne, amma su ke ceton wuya.

Sai wuta, inda kuɗi ke tafiya da gaske. Fara da lissafi kafin ka taka France Road, inda ake sayar da kayan wuta. Kwamfutar hannu na jan kamar wat 65, na'urar intanet wat 10, fankar tsaye wajen wat 50. A awa takwas, kusan yunit ɗaya ke nan. Wannan shi ne abin da kake nema, ba abin da zai ɗauki firji da dutsen guga ba.

Ƙaramin janareta ya fi sauƙin saye, amma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ciyar da shi ya zama nauyi. Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba da ba ta da wari ba ta da launi, mu kuma saboda tsoron ɓarayi muna cusa shi a soro ko ƙarƙashin taga. Ciwon kan da mutum ke ɗora wa gajiyar aiki, wani lokacin daga nan yake, kuma iskar tana kisa a rufaffen wuri. Ga ƙara da ke hana ka jin mai magana a waya. In dole ne, a fili za a ajiye shi, nesa da ƙofa da taga.

Inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) da batir kawai ya dace da wanda layinsa ke rukunin Band A, inda ƙa'ida ta ce a ba da wuta awa 20 a rana, ko da yake an ɗaga kuɗin yunit zuwa naira 225 a Afrilun 2024. Wanda wutar unguwarsa ba ta da tabbas, sola ce mafitarsa, don rana kam Allah ya hore mana. Ka dai san da hunturu ƙura na rufe fanel, sai ana gogewa. A batir ne mutane ke yin kuskure. Mai ruwa na bolt 12, amfiya 200, a takarda yunit 2.4 yake ɗauka, amma rabi kawai ya kamata ka sha in kana so ya daɗe. Yana son ƙarin ruwa, yana fitar da iska lokacin caji, don haka ba a kwana da shi a ɗaki. Na lithium ya fi tsada, amma za ka sha kusan kashi 80 cikin ɗari, kuma yana jure caji sau dubbai. Wanda ke gidan haya ya duba ɗan akwatin nan mai haɗe da batir da inbata, wanda ake ɗauka a hannu ranar tashi. Ka haɗa da fanka mai caji, domin daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, ita da ruwan randa ne abokan aiki.

Data ba ta buƙatar dogon bayani. Ari layin maƙwabta ka gwada a cikin ɗakin da za ka zauna, da rana da kuma bayan Isha'i, sannan ka riƙe layi biyu na kamfani daban-daban. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya shigo Najeriya a 2023, yana da sauri, amma yana cin kuɗi yana cin batir, sai mai tura manyan bidiyo.

Abu na ƙarshe, inda za a ajiye teburin. In da hali, kada ya zama gefen gado, domin barci ne zai biya. Ɗakin soro ya fi, ko lungun falo da labule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako; ni na koma yin Azahar da La'asar a masallacin da ya ɗan fi nisa, a ƙafa. Mahaifiyata kan leƙo ta ce, "Tunda kana gida, ɗan je mini kasuwar Rimi," har sai da muka yi magana, na ce, "Hajiya, bayan La'asar ni naki ne." Shi ya sa na sa kafinta ya yi wa teburin durowa mai makulli. Da na dawo daga masallaci, kwamfuta na ciki, makullin kuma a hannun Hajiya har gari ya waye.