Batirin LiPo mai araha a jirgin rimot: abin da yake iya ɗauka a zafin Sakkwato

Batirin da ake magana a kai shi ne LiPo, wani nau'in batirin lithium, mai sel uku, wato ƙananan batura uku da aka jera cikin leda ɗaya, wanda ake rubuta wa 3S 2200mAh, na sahun masu araha. Da shi akasarin masu haɗa jirgin rimot suke farawa, domin ya dace da jirgin koyo mai faɗin fiffike mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da moto A2212, da ESC, na'urar da ke sarrafa gudun moto, mai amp 30. A wannan sahu akwai masu suna irin su Turnigy, Zippy, Zeee, Ovonic, CNHL da HRB, akwai kuma tarin waɗanda ba a ma san wanda ya ƙera su ba, sai leda mai ƙyalli da manyan lambobi. Gens Ace da Tattu sun fi su tsada, kuma da su ake gwada sauran.

Hukuncinmu tun daga farko: ga jirgin koyo, mai araha ya wadatar, kuma asarar kuɗi ce sabon shiga ya ɗora batir mai tsada a jirgin da zai riƙa dukan ƙasa da hanci. Moto A2212 mai 1000KV, wato juyi dubu a minti kan kowane volt, da farfela 10x4.5 yana jan amp 12 zuwa 15 in an buɗe wuta gaba ɗaya, a shawagi kuwa bai kai rabin haka ba. Batirin 2200 ko da na talaka ne zai ba da wannan ba tare da ya yi gumi ba. Matsala tana farawa ne daga amp 30 zuwa sama, wato jirgi mai fanka a cikin bututu, ko na wasan juyi, ko mai moto 2200KV da aka ƙara wa girman farfela.

Lambar C da ke jikin leda ita ce abu na farko da ya kamata a daina gaskatawa. A ƙa'ida ana ninka ta da girman batir a samu amp ɗin da zai iya bayarwa: 2.2 sau 25 ya ba da amp 55. To mai 100C fa? Amp 220 ke nan, ta cikin siririyar waya da filogin XT60 wanda aka yi shi don amp 60. Kafin wannan wuta ta wuce, dalmar filogin ta narke. Babu wata hukuma da ke tantance wannan lamba, kowane kamfani abin da ya ga dama yake bugawa. Ga mai araha, a raba lambar biyu, ga wanda ba a san asalinsa ba, a ɗauka 20C ne ko me aka rubuta.

Abin da ke faɗin gaskiyar batir shi ne turjiyar da ke cikin kowane sel, wadda wasu caja ke nunawa da harufan IR, ana auna ta da miliom. Sabon 2200 mai kyau yakan nuna wajen 4 zuwa 8 a kowane sel. Masu araha sukan fito da 8 zuwa 15. Wanda ya haura 20 ya gaji, ko da sabo ne fil a kwali. Ga yadda wannan ke taɓa jirgi a sama. A amp 20, sel mai miliom 15 yana zubar da volt 0.3 nan take, mai miliom 5 kuwa 0.1 kawai. Idan sel ya sauko 3.7 a ƙarshen tashi, aka buɗe wuta don a sake kewayo, na farkon zai faɗo 3.4, na biyun ya tsaya 3.6. In a amp 35 ne, na farkon ya kusa 3.2, inda ESC da yawa suke yanke wa moto wuta. Shi ya sa za ka ga jirgi ya mutu a sama, an sauko da shi da ƙyar, an sa mitar auna volt an ga 3.75, mutum ya ce ai da sauran caji, ESC ne ya lalace. ESC lafiyarsa lau. Batirin ne ya durƙusa da aka ɗora masa kaya, ya miƙe da aka sauke.

Wutar da ta zube ɗin nan ba ta ɓata ba, zafi ta koma a cikin batir, kuma nan ne Sakkwato ta bambanta da garuruwan da ake gwada waɗannan kaya. A amp 20, batirin da kowane sel nasa ke da miliom 15 yana fitar da zafin wat 18, ɗayan kuwa wat 6. Batir mai nauyin giram 180 da ke rufe cikin farin soson jikin jirgi, ba iska, minti biyar na wat 18 zai iya ƙara masa digiri kusan 30. LiPo ba ya son ya haura digiri 60. Wanda ya tashi jirgi a garin da ake da digiri 20 yana da sararin 40. A nan, tsakanin Maris da Mayu, inuwa kanta takan haura 40, balle batirin da aka bari kan kujerar babur ko cikin mota a rufe. Sararin da ya rage bai kai 20 ba. Ƙari a kan haka, iska mai zafi ta fi sirantaka, ta digiri 43 ta gaza ta digiri 15 kauri da kusan kashi 9 cikin 100, don haka fiffike da farfela ba sa kama ta sosai, hannu kuma ya riƙa ƙara wuta. Sakamakon shi ne kumburi. Sinadarin ciki yana ruɓewa ya zama gas, batir ya tashi kamar fanke, kuma ba ya komawa. Mai araha da zai yi shekara biyu a wani wuri, a nan bazara ɗaya na iya gamawa da shi in ana tashi da tsakar rana.

Maganin ba tsada gare shi ba. A tashi bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya. A huda ƙofar iska a hancin jirgi, a huda wata da ta ɗan fi ta girma a baya, domin iskar da ba ta da mafita ba ta shiga. Da an sauka a taɓa batir: in ba a iya riƙe shi a tafin hannu na daƙiƙa goma ba, an wuce gona da iri, a rage farfela ko a rage lokaci. Kada a sa shi caji sai ya huce. Da hunturu kuwa lamarin juyawa yake. Sanyin safiyar Disamba da Janairu yana ɗaga turjiya, batir ya yi nauyin jiki a mintin farko. Saboda haka ma, IR ɗin da aka auna da rana a watan Afrilu zai yi wa batir ƙarya ta alheri. A riƙa aunawa a yanayi iri ɗaya, batir cike, a rubuta lambar da alƙalamin maka a jikinsa ranar da ya zo.

Ranar zuwan nan tana da muhimmanci. Batirin lithium kaya ne mai haɗari a dokar jigilar jiragen sama, shi ya sa yakan daɗe a hanya, ya kwana a sito a Legas ko Kano, sannan ya sha zafin bayan mota zuwa nan. Kafin a biya ko a jefar da kwali, a sa mita a ƙaramin filogin balans, mai wayoyin da ke zuwa kowane sel daban, a karanta kowane sel. Ya kamata su tsaya kusa da 3.8, bambancinsu kada ya wuce 0.03. Wanda sel ɗaya ya sauka ƙasa da 3.5 a mayar. A kuma ɗora shi kan sikeli. 3S 2200 na gaskiya yana tsakanin giram 165 da 195. Wanda ya zo da 130 an yi masa ƙarin girma a takarda ne kawai.

Lokacin tashi kuma lissafi ne. Ana amfani da kashi 80 cikin 100 kaɗai, wato 1760mAh. Jirgin da ke cin amp 10 a matsakaici zai yi minti goma da rabi. A tashin farko a saita agogon rimot a minti shida, a sauka, a jira minti biyu, a auna. Ana neman 3.75 zuwa 3.8 a kowane sel. Sai a cika shi a duba nawa caja ta mayar. In an sauka a 3.75 amma 1300 kawai ya sha, batirin bai kai 2200 ba, a rage masa lokaci daidai da haka.

Inda bai kamata a yi rowa ba shi ne caja. Ƙaramar B3 da ake haɗowa da kayan koyo tana cikawa ta filogin balans a hankali, ba ta nuna komai, ba ta kuma iya sauke batir zuwa matakin ajiya, wato 3.8 a kowane sel. iMAX B6 ta fi ta nesa ba kusa ba: wat 50, tana karɓar volt 11 zuwa 18, don haka ana iya maƙala ta kai tsaye a batirin sola ko na mota ranar da babu wuta. Cika 2200 sau ɗaya bai wuce wat-awa 25 zuwa 30 ba, batirin sola mai 100Ah zai yi wajen sau ashirin kafin ya kai rabi. Sai dai jabun B6 ya cika kasuwa, kuma wasu suna kuskuren karatu. In ta ce ta gama, a tabbatar da mita. 4.20 ne iyaka, in an ga 4.25 a daina amfani da ita. Tsohuwar B6 ba ta auna IR, sababbin na SkyRC da na ISDT suna yi. A riƙa cajin balans, wanda ke daidaita sel ɗin duka, kowane lokaci, a amp 2.2, awa ɗaya da 'yan mintuna. Alkawarin cajin gaggawa na 5C da ke jikin leda ba na mai araha ba ne, ba kuma na garin nan ba.

Abin da ya fi saurin kashe waɗannan batura shi ne ajiye su cike. An yi caji daren Juma'a, Asabar iska ta hana, batir ya kwana bakwai a 4.2 cikin ɗaki mai rufin kwano. In za a wuce kwana biyu ba a tashi ba, a sauke shi zuwa 3.8. B6 tana sauke wuta da wat 5 kacal, aikin sa'o'i ne, ya fi sauƙi a ɗaure jirgi a juya farfela a rabin wuta na 'yan mintuna. Wurin ajiya mafi dacewa a gidajenmu shi ne tukunyar ƙasa da aka zuba wa yashi a gindi, a ɗora murfi ba a toshe ba, a ajiye ta a ƙasa inda ya fi sanyi, nesa da katifa, da zana, da galan ɗin man janareta. A cikinta ma za a iya caji, da bokitin yashi a kusa, kuma ba a barin gida ko a kwanta barci ana caji.

Akwai masu haɗa batir da sel 18650, masu siffar batirin tocila, da aka ciro daga tsohuwar kwamfuta, don arha. Waɗannan an yi su ne don amp huɗu ko biyar, a amp 15 za su durƙusa tun jirgi bai bar hannu ba. Masu rubutun 9900mAh kuwa ƙarya ce tsagwaronta, 18650 na gaskiya bai kai ko rabin haka ba. Samsung 30Q, mai 3000mAh da amp 15, yana aiki a jirgin shawagi mai cin wuta kaɗan, in an samu na asali.

Batirin da ya kumbura har ya daina kwanciya daidai kan tebur, ko ya lotse a hatsari yana warin zaƙi, ya gama aiki. Kada a huda shi don a fitar da iskar. A fita da shi tsakar gida, a haɗa masa ƙwan fitilar mota mai volt 12 cikin yashi har ya mutu, mita ta nuna sifili, sannan a yanke filogin XT60 waya ɗaya bayan ɗaya, don zai yi amfani a wani aikin.