Wasiƙa daga Tarim: abin da mai niyyar zuwa Yaman zai tarar

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya, ga amsar tambayarka kan yaron da ake so a turo karatu nan Tarim, da ziyarar da kai ma kake sha'awa.

Idan ana maganar tafiya, a daina lissafa Yaman ƙasa ɗaya. Tun da 'yan Huthi suka karɓe Sana'a a Satumban 2014, yaƙi ya tsananta a Maris na 2015, arewa ta zama daban, kudu da gabas daban. Mu muna kwarin Hadramaut, can gabas, nesa da inda yaƙi da 'yan Huthi ya fi zafi. Duk da haka ba a sakin jiki, domin Alƙa'ida ta riƙe Mukalla, babban birnin lardinmu, daga Afrilun 2015 zuwa Afrilun 2016. Kada a yanki tikiti sai an tambayi wanda ke zaune a nan halin da ake ciki. Biza kuma makaranta ko mai masauki ne ke nemo wa mutum tun yana gida. Akasari ta Alƙahira ake biyowa a sauka Say'un, daga nan mota ba ta kai awa ɗaya zuwa Tarim. Akan ɗage tashin jirgi, saboda haka a tanadi guzurin kwanakin jira. A kuma riƙe kwafin fasfo da yawa saboda shingayen sojoji, kuma kada a kuskura a ɗauki hotonsu ko na mata.

Har kuɗin ƙasar sun rabu. An mai da babban banki daga Sana'a zuwa birnin Aden na kudu a 2016, a ƙarshen 2019 kuma mahukuntan Sana'a suka haramta sababbin takardun kuɗin da bankin na Aden ya fitar. Riyal ɗaya ne a suna, amma darajarsa biyu. Kada ka dogara da katin bankin gida. Ku zo da dala sababbi marasa yagewa ko riyal na Saudiyya, wanda da shi masu gidaje da yawa ke karɓar haya. A riƙa canji kaɗan-kaɗan, don farashin ba ya zama wuri guda. 'Yan canji kuwa, irin su Kuraimi, ko'ina akwai su.

Kasuwa fa? Yawancin shinkafa da alkamar da ake ci daga waje ake shigo da su, shi ya sa da riyal ya faɗi sai burodi ya ƙanƙance. Dabino da kifi sun fi na gida araha da kyau. Daga gabar teku ake kawo kifin. Abin da ya fi burge ni shi ne zuman kwarin Du'an, wanda ƙudan zuma ke haɗawa daga furen magarya. Dangin magaryar nan tamu ce da ke cike da dazuzzuka, amma su sun mai da zumanta haja mai tsada da ake fitarwa ƙasashen Larabawa. Ba sa ƙona amya, ba sa gauraya shi da na wani fure, suna kai akwatunan zuma inda magarya take daidai lokacin furenta. Wallahi na so masu zumanmu su ga wannan aiki da idonsu. Daddawa, kuka da manja kuwa ban gan su a nan ba, a ƙullo wa yaron isassu.

Wutar lantarki tana ɗaukewa sosai, musamman lokacin zafi da ake haura digiri 40, kuma sola ce ke rufa wa mutane asiri. Layin MTN ba shi da reshe a nan yanzu, kamfanin ya fice a 2021. Za a sayi sabon layi da fasfo. Intanet na da nauyi, saƙon murya ya fi kiran bidiyo tafiya. Asibiti shi ne ya fi damuna. Ƙananan cututtuka ana maganinsu, amma babban aiki masu hali Masar ko Indiya suke tafiya. Mai hawan jini ko ciwon suga ya zo da maganinsa na watanni, kuma a sha ruwan da aka tace, don ƙasar ta sha fama da kwalara.

Abin gani kam ya isa a yi tattaki. Hasumiyar masallacin Muhdar da ke Tarim ginin ƙasa ce mai tsawon kusan mita 50, alhali ta Agadas mita 27 ce. Garin Shibam, wanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1982, benaye ne na tubalin laka, hawa biyar zuwa sama, kuma har yau mutane na zaune a ciki. Ga ɗakin karatu na Ahƙaf mai dubban littattafan rubutun hannu. Ɗalibai kuma, makarantar Darul Mustafa ta Habib Umar bin Hafiz cike take da baƙi daga Indonesiya, Afirka da Turai, kuma mutanen garin na girmama mai neman ilimi.

Roƙona ɗaya, Yaya: ka ja kunnen samarin unguwa masu tunanin bi ta Jibuti su tsallako teku, su ratsa Yaman zuwa Saudiyya babu takardu. Kwale-kwale na kifewa da mutane a wannan hanya, masu safara na tsare wasu sai danginsu sun biya fansa, wasu kuma a kan iyaka suke rasa rayukansu. Duk mai son zuwa ya fara samun mai masauki da biza, sannan a yi maganar tikiti.