Sharhi kan zobban Fuji samfurin K, da inda ya kamata kowane zobe ya zauna a jikin sandar kamun kifi

Na ɗaura zobban da zare ke bi ta ciki, na kamfanin Fuji samfurin K, masu idon Alconite (wani nau'in tangaran), a kan tsurar sanda mai tsawon ƙafa 7, wato santimita 213, da injin naɗi mai lamba 4000 da saƙaƙƙen zare, na yi aiki da ita a Kogin Kaduna da madatsar Kangimi. Zobban sun ci kuɗinsu. Amma ingancin zobe ba ya gyara sandar da aka jera mata zobba da ka, don haka yawancin wannan sharhi a kan jeri yake.

Guda tara na yi amfani da su: dogaye uku na kusa da hannu (25H da 12H da 5.5M; lambar girman ido ce, harafin kuma tsayin zobe), gajeru biyar, sai na kan tsini. Tsohuwar ƙa'idar masu haɗa sanda ita ce zobe ɗaya ga kowace ƙafa, a ƙara ɗaya, ban da na tsini. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ƙarfen zoben ya karkata gaba. Saƙaƙƙen zare yana da laushi, in iska ta kaɗa shi sai ya yi wa zobe sarƙa a lokacin jifa. A kan wannan ƙira kuwa sarƙar kan zame ta fice da kanta. Wanda ya taɓa jifa a Kangimi cikin iskar hunturu ya san darajar wannan.

A fara da zoben farko, don shi ke karɓar zaren da ke fitowa daga kwarkwaron inji yana kaɗawa. A ɗaura injin da za a yi aiki da shi a mazauninsa tukuna, a auna daga bakin kwarkwaro. Ga inji mai lamba 4000, santimita 53 zuwa 55 ya yi. In aka matso da shi kusa, zaren zai taru a bakinsa ya shaƙe, jifa ta gajarce. In aka kai shi nesa, zaren zai riƙa dukan jikin sanda, har kunne yana jin ƙarar. Na biyu ya biyo bayan santimita 21 ko 22, na uku bayan 18, sai zoben da ke kwantar da zare a jikin sanda bayan 16. Jimilla, zaren ya gama natsuwa a wajen santimita 110 daga kwarkwaro.

Akwai lissafin da aka saba da shi na ninka faɗin kwarkwaro sau 27 don a san nisan zoben da ke kwantar da zare. Kwarkwaro mai santimita 5 zai ba da 135. Lissafin yana da kyau ga zobba masu faɗin ido da zaren roba, amma ga waɗannan dogayen masu ƙaramin ido ya yi nisa, domin an yi su ne su tattara zare da wuri. A riƙe shi a matsayin iyaka kawai. Hanyar dubawa mai sauƙi ita ce a leƙa ta cikin zoben farko daga wajen kwarkwaro: ya kamata a ga na biyu a tsakiyar na farko, na uku a tsakiyar na biyu.

Gajerun kuma daga tsini ake auno su: santimita 10, 22, 35, 50, sai mai kwantar da zaren a wajen 67. Waɗannan lambobi mafari ne kurum. Sanda biyu masu tsawo ɗaya ba sa lanƙwasa iri ɗaya, don haka kada a naɗe ko zobe ɗaya da zare sai an yi gwajin nauyi.

Ga yadda ake yin sa. A manna duk zobban da siririn salatif na takarda. A ɗaure igiya a tsinin sanda, ɗaya bakin a jikin wani abu mai nauyi; ita ce za ta ɗauki ja. Daban kuma a zura zaren inji ta cikin zobba, a rataya masa ɗan dalma don ya miƙe kawai. Dalilin raba su shi ne in aka ja da zaren da ke cikin zobba, salatif zai saki, kuma zobban su ne za su tsara lanƙwasar, alhali ana so sanda ta nuna tata. A ɗaga sanda kaɗan, a duba kashi ɗaya cikin uku na sama. A ƙara ja, a duba tsakiya. A ƙara har tsini ya kalli ƙasa sosai, a duba gindi. Zaren ya bi bakan sanda ba tare da kusurwa mai kaifi a kan wani zobe ba. Inda aka ga ya miƙe kamar tsirkiya ya bar jikin sanda da nisa, tazarar ta yi yawa, kuma nan ne sanda ke karyewa ranar da babbar tarwaɗa ta nutsa ƙarƙashin dutse. A matsa zoben da santimita ɗaya ɗaya, kada a yi tsalle. In matsawa ba ta gyara ba, a ƙara zobe. Shi ya sa nake ba da shawarar a sayi gajeru biyu fiye da lissafi. Bayan nan a fita fili a yi jifa da dalma tun salatif na jiki.

Ƙafar zoben ta zo a gyare, amma duk da haka a ɗan goge bakinta da magagari har ta yi siriri, a shafe kaifin ƙasanta. Ƙafa mai kauri tana sa zaren naɗi ya kasa hawa, mai kaifi kuma tana cin jikin sanda a hankali. Zaren nailan lamba A ya isa. Ƙafar gajerun ƙanƙanuwa ce ƙwarai, riƙe ta yana ba da wahala. Siririn yankin salatif ko ƙaramin zoben roba ya fi yatsa.

Ifoksi, wato gam ɗin da ake rufe naɗi da shi, kashi biyu ne, daidai wa daida, a auna da sirinji, aƙalla mililita 3 kowanne, don kuskuren awo a ƙaramin haɗi shi ke barin sa yana danƙo har abada. Kada a sa gam mai kamawa cikin minti biyar a nan. Zafin Maris da Afrilu a Kaduna yana sa haɗin ya yi kauri da wuri, sai a yi aikin da asuba, a zuba shi a kan faffaɗan abu maimakon barin sa a kofi. Da hunturu kuma ƙura ce matsala: a yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, a kifa dogon kwali a kan sandar. In wuta ta ɗauke ko babu injin juyawa, a ɗora ta a kwalin da aka yanka wa baki, a riƙa juya ta rabi duk minti 10 zuwa 15 har awa uku.

Wanda ke aiki da zaren roba mai kauri, ko yake haɗa zare biyu da babban ƙulli, wannan jeri ba nasa ba ne; ƙullin zai riƙa bugun ƙananan idanun, ya nemi gajeru masu lamba 7 ko 8. Haka kuma da damina, in kogi ya kawo ciyawa da gansakuka, ƙaramin ido yana saurin toshewa. Akwai jabu a kasuwa, ana gane su da kaushin ƙarfe da idon da bai zauna daidai ba. Kafin a ɗaura kowane zobe, a zura auduga a cikin idonsa a juya. In ta maƙale, akwai tsaga, kuma tsagar za ta yanke saƙaƙƙen zare a kifin farko.