Apache 2.0 ko AGPL ga Manhajar da Ake Haya ta Intanet

Lasisin manhaja shi ne ƙa'idojin da mai ita ke gindaya wa masu amfani da ita, kuma na Apache 2.0 sakin mara ne. Kowa na iya ɗaukar manhajarka, ya gyara, ya ɗora a sabarsa (kwamfutar da ke ba jama'a hidima ta intanet) yana cajin jama'a, ba dole ya nuna gyaran ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Rikici da Amazon kan irin haka ya sa kamfanin manhaja na Elastic ya bar lasisin Apache a 2021.

A ɓangaren lasisin AGPL kuwa, sigarsa ta 3, ta 2007, ta rage wannan kafa. Sashe na 13 ya ce in ka gyara manhajar, ana amfani da ita ta intanet, sai ka ba masu amfanin lambobin tushenta, wato ainihin rubutun da aka gina ta da shi. Hayar kam bai hana ba. Ni shi zan ɗauka, duk da Google ya haramta shi a ayyukansa.